Bangon da Na Yage

Ku samarin da kuke taruwa a bakin masallacinmu na University Heights bayan Juma'a, na ji abin da kuke faɗa a kaina, ni ba kurma ba ne. Wai Baba Isuhu ya samu sana'ar hutu: ya shimfiɗa tebur, ya zauna kan kujera, Turawa su zo su ajiye kuɗi su ɗauki tsohuwar takarda. Ɗayanku har ya nuna mini wayarsa, ya ce shi da zai shiga harkar, bayan littafi kawai zai haska wayar ta gaya masa darajarsa. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Shekara ashirin da shida ke nan ina sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi a Manhattan ta sama, kuma har yau ban taɓa fita da safe hankalina kwance ba. Mai wannan sana'a kullum ido ɗaya na sama yana duban hadari, ɗaya na titi yana duban mai rubuta tikitin tara.

Aikin farko da na yi a harkar nan dako ne. Na zo daga Maraɗi da ɗan Faransancin lakwal, wato makarantar boko, ba Ingilishi, ina tallar laima da hular sanyi. Kusa da ni akwai wani tsoho baƙar fatar ƙasar nan, Walter, mai teburin littattafai, gwiwa ta hana shi hawa bene. Wata rana ya ce in raka shi wani gida mu sauko da kaya. Hawa biyar, babu lif, kwali goma sha ɗaya. Sai da na gama saukowa da su ina haki, ya bi su ɗaya-ɗaya yana cusa hanci, ya ce in kai huɗu bakin shara. Raina ya ɓaci, na tambaye shi dalili da hannu, tunda bakin bai iya ba. Ya zaro ɗaya ya kara mini a hanci. Warin fumfuna ne, irin na ɗakin da aka rufe da damina. Ya ce littafi ɗaya mai wannan wari ya isa ya harbi kwali guda, don haka hanci ke fara saye kafin ido.

Shekara uku na yi ina tura masa amalanke kafin ya bar ni in sa wa littafi kuɗi da hannuna. Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ranar da ya ceci mai shi. Akwai tebur mai naɗewa, wanda tsawonsa bai wuce abin da doka ta yanka ba, don mai sayar da rubutu a garin nan ba a tambayarsa lasisin talla, amma ana zuwa a auna teburinsa da tazararsa daga ƙofar shago, in ya gota a rubuta masa tikiti. Akwai tampol guda biyu, ɗaya a ninke ƙarƙashin kujera inda hannu zai kai kafin ɗigon ruwa na biyu ya sauka. Sai buroshi mai laushi na kaɗe ƙura, da fensir, da farar kilina. Biro ba ya kusantar teburina. Salatif kuwa, Walter cewa yake gara ka tofa wa littafi yawu da ka manna masa shi, don 'yan shekaru sun isa ya ƙone takardar. Sai firiza. Duk kayan da suka fito daga gidan da ban yarda da shi ba, a leda nake ɗaure su su yi mako cikin ƙanƙara saboda kuɗin cizo. Matata Rabi ta yi shekaru tana mita, wai ita kaɗai ce matar da za ta buɗe firiza neman kaza ta ci karo da tarihin yaƙin duniya.

Kayan kuma ba daga kanti suke zuwa ba. Tsoho zai mutu, ko a kai shi gidan kula da tsofaffi, 'ya'ya su zo su kwashe zinariya da hotuna, su ce wa mai kula da ginin ya zubar da sauran. Shi kuma ya kira ni. In na makara awa biyu, motar shara ta riga ni.

A irin waɗannan gidaje na fara gamuwa da littattafan da zan ba ku labari a kansu. Ƙanana ne, daidai aljihu, takardarsu ta arha, gefen shafukan an rina shi ja ko rawaya ko kore. An buga su bayan yaƙin duniya na biyu, shekarun arba'in da hamsin, ana sayar da su a kantin magani da tashar jirgi, a karanta a yar. Mata ne suka rubuta su, ko da yake da yawa sun ɓuya a bayan sunan namiji ko haruffa biyu. Labaran kisa ne da fargaba, amma babu ɗan sanda jarumi, babu 'yan fashi. Abin tsoron a cikin gida yake: miji mai yawan ladabi, mai jinyar da ta san inda ake ajiye makulli, ɗan haya a ɗakin sama da bai taɓa karɓar wasiƙa ba, murhun gas da ba wanda ya tuna ya kunna shi. Ba kasafai nake samun su a kantar falo ba. A kicin nake samun su, bayan tukwane, ko cikin akwatin ɗinki, ko ƙarƙashin zannuwan gado. Walter ya ce in riƙa ware su, wata rana za a neme su. Bai ga ranar ba, ya rasu, amma ta zo, malaman jami'a mata da masu tara tsofaffin kaya suka fara tsayawa suna tambaya. Kai kuma mai waya, juya bayan ɗaya ka haska mu gani. Layukan nan baƙaƙe da wayarka ke karantawa ba a ƙirƙiro su ba lokacin.

Aibinsu ɗaya ne, bango. Masu bugawa sun san abin da ke tsayar da namiji a tasha, sai su zana mace cikin rigar barci a kan matakala, kafaɗa a waje, baki buɗe, inuwar mutum a ƙofa. Ka karanta cikin daga farko har ƙarshe ba za ka sami rigar barcin ba. Amma mai wucewa bango yake gani.

Muguwar shekarata ita ce wadda ruwan sama ya cika besmen, ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ginin da nake ajiya. Fiye da rabin kayana suka zama kunu. Ina cikin wannan hali aka kira ni wani gida a unguwar Inwood, wata tsohuwa ta rasu ba ɗa ba jika. A kicin ɗinta, cikin kabad ɗin da ake sa garin fulawa, na tarar da irin littattafan nan sun haura ɗari biyu, kowanne tsaf kamar jiya aka buga shi. Na ce Allah ya mayar mini da abin da ruwa ya ci. Washegari na jera su a gaban tebur, fuska sama, yadda aka koya mini.

Ba a yi mako ba wani ɗan garinmu, har yau ban san ko wane ne ba, ya ɗauki hoton teburin ya sa a guruf ɗin 'yan garinmu na waya. Mahaifina limamin ƙauyenmu ne, lokacin yana da rai. Ranar Juma'a ina sa takalmi a bakin masallacin nan, Malam Habu, wanda a gidansa na sauka da na zo ƙasar nan, ya dafa kafaɗata a gaban mutane.

"Isuhu, wanga shi ne abin da ya kawo ka Amurka? Ɗan liman na baje matan Nasara tsirara bisa hanya?"

Na ce masa cikin littattafan ba abin da yake zato ba ne. Ya ce shi bai san ciki ba, waje ya gani, kuma waje aka gani a gida. Da la'asar ƙanena ya kira daga Maraɗi ya ce an nuna wa Baba hoton. Na tambaye shi abin da ya ce. Ya ce bai ce komi ba, ya miƙa wayar ya shiga ɗaki. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Asabar da hantsi ban fita ba. Na sauka besmen, na zauna kan kiret, na jawo kwalaye biyun da littattafan ke ciki. Ina so ku gane, ba jahilci ba ne. Na san littafin da ba bango gawa ne a wannan harka. Masu tarawa ba sa kallonsa, kantuna kuma ɗauka suke kayan sata ne. Na sani sarai. Da na kife su a tebur, ko na sa su a ledar da ba a ganin ciki, da magana ta ƙare. Amma zuciya ta ɗebe ni, na shiga yage bangon gaba ɗaya bayan ɗaya, har yatsuna suka yi baƙi da tsohuwar tawada. Littattafan kuwa ban zubar ba. Mu an tashe mu a kan cewa hoto ana iya kawar da shi, amma rubutu ba a jefa shi cikin shara. In ka ga takarda a ƙasa, ɗauka kake ka soke ta jikin danga. Don haka hotunan suka tafi cikin baƙar leda, littattafan suka koma kwali, na tura su lungu na daina kallon wajen.

Wata biyu bayan haka, ganye ya fara zuba, wata tsohuwar Baturiya ta tsaya a gaban teburina ranar Alhamis. Ta kusa tamanin, da sanda, da babban gilashin ƙara girman rubutu rataye a wuya. Ba ta kallon mutum kai tsaye, sai ta karkata kai ta dube shi da gefen ido, don tsakiyar ganinta ya mutu. Ta ce sunanta Misis Dora, wani mai kantin littattafai ne ya ce ta zo wurin ɗan Afirkan da ke kwanar titi, shi ke shiga kicin ɗin matattu. Bakinta ba shi da laushi, ta ce ta gaji da masu yi mata murmushi su ce za su kira.

Na ba ta kujerata, ta ba ni labarin a taƙaice. Mahaifiyarta ta bar gida tana 'yar shekara tara, ta bar ta da mahaifinta a Queens, ba ta sake ganinta ba. Bayan shekara guda aka kawo wani ɗan ƙunshi ta gidan waya. Mahaifin ya buɗe a teburin kicin, littafi ne, ya ce uwarta ta kai su kasuwa, ya kore ta sama, ya ƙone shi. Daga baya wata gwaggonta ta tabbatar mata cewa uwar ta rubuta littafi guda ɗaya tak da sunan aro, kafin ta rasu a can yamma. Shekara saba'in tana son ta san abin da ke ciki, tana kuma tsoron sani. Yanzu ɗanta zai zo ƙarshen Nuwamba ya tafi da ita gidan tsofaffi a wata jiha mai nisa, likita kuma ya ce ɗan ganin da ya rage ba zai wuce sanyin bana ba. Mako bakwai ke nan.

"Ban san sunan littafin ba, ban san sunan da ta sa ba," in ji ta. "Bangon kaɗai na gani. Mace ce cikin rigar gida rawaya, ta ɗaga dutsen guga, ta waiwayo tana kallon wata koriyar ƙofa a bayanta. Ƙofar a ɗan buɗe."

Na san bangon. Na san shi ne don ranar Asabar ɗin nan a besmen shi kaɗai ya tsayar da hannuna. Matar a rufe take har wuya, ba abin kunya a jikinta ko kaɗan, na ma ce a raina wannan ai ba ta da laifi. Amma hannu ya riga ya saba, na yage. Ban duba sunan littafin ba.

Da ni mutumin kirki ne a ranar, da na gaya mata. Ban gaya mata ba. Na ce zan duba. Ta ciro kati da ta rubuta lambarta da manyan haruffa, ta ce ita za ta dawo Alhamis da ƙafarta, ba ta jiran kira. Na ce wa kaina ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma gaskiyar magana tsoro nake ji.

Aikin farko shi ne na waya, don kada ku ce ban san amfaninta ba. Na zazzage kwalayen, na bi shafin farko na kowanne ina rubuta suna, wayar na nuna mini hoton bangonsa na asali. Kwana huɗu na yi. Na ga matan nan duk da na yage sun dawo suna kallona daga gilashi, amma ba mai dutsen guga. Talatin da ɗaya suka rage waɗanda wayar ba ta da hotonsu sam, na ƙananan kamfanoni ne da suka buga 'yan littattafai suka mutu. Na karanta bangon bayansu, duk magana ɗaya ce, wai ta zaci ta san mutumin da ta aura. Na kira dillalai uku da na sani, na kwatanta musu hoton, ba wanda ya tuna. Hanya ɗaya ta rage, in karanta.

Ingilishina na ciniki ne, ba na littafi ba. Shekara da shekaru ina sayar da su, ban taɓa gama ko ɗaya ba. Mai sayar da goro ba dole ya ci ba. Na fara bayan sallar asuba, da ƙamus a gefe, in ci gaba a tebur tsakanin masu saye, littafin ɓoye cikin jarida don kada wani abokin sana'a ya ga abin da na aikata. Na farko ya ci mini kwana uku. Na yi lissafi na ga lokacin ba zai kai ba, sai na koma bin shafuka da yatsa ina neman inda aka ambaci guga. Nan ma ban tsira ba, don matan littattafan nan ba wadda ba ta guga. Suna guga suna sauraron takun miji a matakala, suna guga suna tunanin dalilin da ya sa aka canja makullin ɗakin ƙasa. Kuma in ka shiga shafi goma ba ka iya fita, sai ka ga an tsaya a gabanka ana tambayar kuɗin littafi kai ba ka ji ba. Wata rana hadari ya haɗu a kaina ban ɗaga ido ba, sai mai sayar da 'ya'yan itace na kusa da ni ya yi mini tsawa, na ja tampol ruwa na zuba.

Abin ya bi ni gida. Rabi ta kawo mini kunu da safe, na tsaya ina kallon kofin. Ta ce lafiya? Na ce wata mata ce a littafi take sa wa mijinta abu kaɗan-kaɗan. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da tana da wannan niyya ai ba za ta jira shekara ashirin ba. Na ce mata amma yawancinsu ba haka ba ne, matan ne ke cikin tsoro, kuma mijin bai taɓa ɗaga hannu ba, ba wanda zai yarda da ita in ta faɗa. Dariyar ta tsaya.

"Kai sai ka karanta littafin Nasara kana ka san wanga?" ta ce, ta ɗauke kofin ta tafi.

Kowace Alhamis Misis Dora na zuwa, ta zauna kan kujerata, ta tambaya. Kowace Alhamis in ce ina kan nema. Sau biyu littafin da nake dubawa yana cikin jarida a ƙarƙashin gwiwar hannunta, ina ta addu'a kada ta ɗaga. Ta kan ce mini kullum da safe tana gwada idonta da kalandar kicin, makon jiya tana ganin ranakun, wannan makon sunan wata kaɗai take gani. In ta tafi sai in ji abinci ya fita raina.

Alhamis ta biyar ba ta zo ba. Na jira har rana ta faɗi bayan gine-gine, duk tsohuwar da ta ɓullo da sanda gabana ya faɗi. Na yi ta juya katin nan a hannu, ina tsoron wanda zai ɗauka da abin da zai gaya mini. Sai Litinin na iya kira. Ita ta ɗauka, murya ƙasa-ƙasa. Ta faɗi a banɗaki, ba ta fita kuma, ɗanta ya riga ya zo, ya ce ba zai jira ƙarshen wata ba, Lahadi za su tafi. Ta ce in ban samu ba in faɗa mata gaskiya, ta saba. Saura littafi tara a kwali.

Na naɗe tebur. Lokacin ne mafi kyau a shekara, ana sayen kyaututtukan bukin ƙarshen shekara, kuma shekarar da ruwa ya ci ni, amma na bar wurin kwana huɗu, na zauna a besmen da fitila da ƙamus. Talata biyu, Laraba biyu, Alhamis uku, idona na ruwa. Juma'a da safe na ɗauki na takwas, wani siriri mai jan gefe. A babi na huɗu matar na guga a kicin, 'yarta ƙarama na tsaye kusa da ita tana jiran a goge mata ribon ɗin makaranta. Sai ta ji makullin miji a ƙofa tun lokacin dawowarsa bai yi ba. Ta waiwaya da dutsen a hannu, yarinyar ta miƙa hannu za ta ɗauki ribon, dutsen ya sauka kan wuyan hannunta na hagu. Ƙofar kicin ɗin koriya ce.

Ban tsaya nan ba, na karanta har ƙarshe, don ina so in san abin da zan ɗauka in kai wa tsohuwa. Mijin cikin littafin mutumin kirki ne a idon unguwa. Shi ke gaya wa likita da maƙwabta, cikin tausayi, cewa matarsa ta fara mantuwa, ga shi har ta ƙone yarinya. Yana tara shaidu a hankali don a kai ta asibitin masu taɓin hankali. Ranar da ta ga takardar a aljihun kwat ɗinsa, ta shiga jirgin ƙasa na safe. Sauran na riƙe a raina. Ranar a sahun ƙarshe na sami Juma'a.

Asabar da hantsi na je gidan da ta kwatanta mini. Ɗanta ya buɗe, mutum mai furfura, ya dube ni ya dubi ledar hannuna, ya ce minti goma. Falon cike da kwalaye, kantoci wayam, alamar hotuna a jikin fenti. Na shiga irin wannan gida ya fi sau ɗari, amma kullum bayan mai shi ya tafi. Wannan ne karo na farko da na tarar da mai gidan zaune a ciki, a kujera kusa da taga, da bargo a cinya.

Na gaishe ta, na ce kafin in ba ta komai ina da tambaya, ta yi haƙuri da ita. Ko akwai tabo a wuyan hannunta na hagu? Ta ja hannun rigarta sama a hankali. Fatar ta tsufa ta yamutse, amma wurin na nan, fari, mai tsini kamar bakin dutsen guga.

Na sa mata littafin a cinya. Ta zare shi daga leda, ta shafa fuskarsa, yatsunta suka sauka kan takarda maimakon bango. Ta bi gefen da babban yatsa, daga sama har ƙasa, inda yagar ta bar haƙora.

"Ina bangon?"

"Madam, ni na yage shi."

Na gaya mata duka, hoton da aka ɗauka, da mahaifina, da ranar Asabar, da cewa tun Alhamis ta farko na san yana hannuna. Ta daɗe yatsanta na kan yagar.

"Da mahaifina ya kore ni sama ban shiga ɗaki ba," ta ce. "Ina kan matakala ina leƙe. Bangon ya fara yagewa, sannan ya sa sauran a murhu. Shi ma abin da mutane za su ce yake tsoro."

Kunya irin wannan ban taɓa jin ta ba, ko a gaban Malam Habu.

Ta ɗaga gilashinta, ta karkata kai, ta kai shafin kusa da taga. Ta matsar da shi gaba, ta matsar da shi baya. Haruffan ƙanana ne, takardar ta yi duhu don tsufa. Ta gwada shafi na biyu, ta sauke gilashin. Ɗanta ya leƙo daga kicin ya ce masu kwasar kaya na hanya, ta ɗaga masa hannu ya yi shiru.

"Ka karanta shi?"

Na ce har ƙarshe.

"Akwai yarinya a ciki."

Na ce akwai.

"Da matar ta tafi, yarinyar fa?"

Na ce mata jirgin ya tashi da matar ita kaɗai, amma a tasha ta biyu ta sauka. Ta shiga na komawa, ba ta je gida ba, makaranta ta wuce, ta tsaya a bakin aji ta ce an aiko ta a kai yarinyar wurin likitan haƙori. Ta kama hannunta, na dama, don na hagu da bandeji, suka tafi tare. A nan littafin ya ƙare, suna cikin jirgi, yarinyar na barci a cinyarta.

Misis Dora ta juya fuska wajen taga. Ni kuwa ina tsaye da hulata a hannu. Sai ta miƙo mini littafin ba tare da ta juyo ba, ta ce in karanta mata wurin. Na ce Ingilishina ba shi da daɗin ji. Ta ce ba daɗi ta tambaye ni ba. Na jawo wani kwali na zauna a kai, na buɗe shafukan ƙarshe, na fara daga inda matar ta isa ƙofar makaranta, ina tuntuɓe da kalmomi. Ban yi layi uku ba ta dafa hannuna.

"A'a, koma baya. Fara daga inda ta sauka daga jirgin."